Auna ragowar matsi

Auna ragowar matsi reshe ne na aikin injiniya da ke ƙoƙarin gano yawan matsin da ya maƙale a cikin ƙarfe, gilashi, roba ko wani abin ƙira bayan an gama sarrafa shi, alhali babu wani nauyi da aka ɗora masa daga waje. Farantin ƙarfe da aka yi wa walda yana iya zama a kan tebur ba tare da kowa ya taɓa shi ba, amma a cikinsa wani ɓangare yana jan wani, wani kuma yana danne wani. Ana bayyana yawan wannan matsi da ma'aunin megafaskal, wanda ake taƙaitawa da MPa.

A wannan maƙala kalmar "matsi" ta ƙunshi abu biyu: matsin ja, wanda ke neman raba abu, da matsin danni, wanda ke neman haɗe shi. Wasu fassarori suna kiran abin "damuwa", saboda kalmar Turancin da aka ɗauko tana kuma nufin damuwar zuciya. Wannan kuskure ne, domin ƙarfe ba ya damuwa.

Babban abin da ya bambanta wannan fanni shi ne babu na'urar da ke auna ragowar matsi kai tsaye. Kowace hanya wani abu dabam take aunawa: yadda ƙarfe ya motsa bayan an yanka shi, ko tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarrarsa, ko saurin sauti a cikinsa. Daga nan sai a yi lissafi a koma ga matsin. Yawancin saɓanin da ake samu tsakanin masu aunawa daga wannan lissafi yake fitowa.

Yadda ragowar matsi ke samuwa

Ragowar matsi tana samuwa ne duk lokacin da wani sashe na abu ya so ya canza girma, sauran sassan suka hana shi. Walda ce misali mafi sauƙin ganewa. Wurin da aka narkar yana sanyi yana son ya tsuke, amma ƙarfen da ke kewaye da shi, wanda bai yi zafi sosai ba, ya riƙe shi. Sakamakon haka layin waldar yakan zauna cikin matsin ja, gefunansa kuma cikin matsin danni.

Lissafi kaɗan yana nuna girman abin. Baƙin ƙarfe yana tsukewa da kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na sanyi a ma'aunin Salshiyos. Idan ya sauka da digiri 100 kuma aka hana shi tsukewa, tamkar an miƙe shi ne da kashi 0.0012 na tsawonsa. Lambar taurin baƙin ƙarfe, wadda ake kira lambar Young, kusan MPa 200,000 ce. Idan aka ninka biyun za a sami MPa 240, wanda ya yi kusa da iyakar da ƙarfen gini na yau da kullum ke fara lanƙwasuwar da ba ta komawa. Walda kuwa tana sauka ne daga zafin da ya haura digiri 1,400. Shi ya sa a waldar da ba a sake gasawa ba, matsin da ke bin tsawon layin yakan kai wannan iyaka.

Sauran hanyoyin samuwarta sun haɗa da tsoma ƙarfe mai zafi cikin ruwa ko mai kamar yadda maƙera ke yi, da murza ƙarfe ko lanƙwasa shi a sanyi, da wasa shi a dutsen niƙa, da zubi, da buga kayan ƙarfe da firinta mai ɗora hawa kan hawa. Kafintoci ma sun san abin ko da ba su ba shi suna ba: katakon da ke matse zarto ko ya wage baki yayin da ake tsaga shi, matsin da ke cikinsa ne yake saki.

Da yake babu ƙarfi daga waje, dole ja da danni su daidaita. Idan aka ɗauki kowane yanki da ya ratsa abin gaba ɗaya, jimillar ja sai ta zo daidai da jimillar danni. Masu aunawa suna amfani da wannan doka wajen duba ko sakamakonsu yana kan hanya.

Ba kowace ragowar matsi ce ke da illa ba. Matsin danni a fatar abu yana rufe ƙananan tsage yana hana su girma, don haka da gangan ake saka shi a gilashin gefen mota, da sifirin, da giya, da fikafikan injin jirgin sama. Matsin ja a fata shi ne abin tsoro.

Dalilin aunawa

Ragowar matsi tana haɗuwa da nauyin da abu ke ɗauka a bakin aiki. Bututun da aka ƙera don ɗaukar MPa 100, idan yana da ja na MPa 200 a bakin walda, to abin da ƙarfen wurin ke ji ya fi abin da ke takardar zane nesa ba kusa ba. Wannan ba kasafai yake rage nauyin da ƙarfe mai laushi zai ɗauka kafin ya lanƙwashe gaba ɗaya ba, amma yana da babban tasiri a kan tsagewar gajiya, da karyewar farat ɗaya, da tsagewar da sinadarai ke haifarwa.

Sojojin Birtaniya a Indiya sun ga irin ta ƙarshen a kwanson harsashi na tagulla, wanda ke tsagewa da kansa a lokacin damina. A 1921 Moore da Beckinsale da Mallinson suka bayyana dalilin: iskar amoniya daga fitsarin dawakai, a bargar da ake ajiye harsasan, tana cin tagullar da ke ɗauke da matsin ja tun daga lokacin da aka matsa ta a masana'anta. Maganin shi ne a ɗan gasa kwanson bayan ƙira. Har yau akwai gwajin da ake yi wa kayan tagulla ta hanyar ajiye su cikin tururin amoniya a ga ko za su tsage. Gwajin ba ya ba da lamba, amma yana amsa tambayar da mai saye ya damu da ita.

A ranar 16 ga Janairu 1943, jirgin dakon mai Schenectady ya tsage kusan gida biyu yana tsaye a tashar Portland ta jihar Oregon a Amurka, cikin ruwa marar igiya, jim kaɗan bayan gwajinsa na farko a teku. Ya kasance ɗaya daga cikin jiragen walda na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da suka sami irin wannan karaya. Cikin abubuwan da aka fara zargi har da matsin da walda ta bari a jikin jirgin, kuma hakan ya sa aka zuba ƙoƙari sosai wajen auna shi. Daga baya aikin Constance Tipper a Jami'ar Cambridge ya nuna cewa babban laifin na ƙarfen ne, wanda ke zama mai saurin karyewa idan ya yi sanyi. Ana yawan kawo labarin jiragen a matsayin hujjar illar ragowar matsi kaɗai, amma gaskiyar ita ce ta kasance ɗaya cikin dalilai, tare da ƙarfen da kusurwoyin zanen da kurakuran walda.

A Maris 2002, a tashar lantarki ta nukiliya ta Davis-Besse da ke jihar Ohio, an tarar da rami a murfin tukunyar nukiliyar. Bututun da suka ratsa murfin, waɗanda aka yi da gaurayen nikel mai suna Alloy 600, sun tsage a kusa da waldarsu, inda ragowar matsin ja da ruwa mai zafi suka haɗu. Ruwan da ya yoyo yana ɗauke da asid na boron, wanda ya cinye baƙin ƙarfe mai kaurin kusan santimita 15, ya bar siririn rufin ƙarfe marar tsatsa da bai kai santimita ɗaya ba. Tashar ba ta koma aiki ba sai 2004.

Akwai kuma dalilin kuɗi. Ƙa'idojin tantance tsaga, irin su BS 7910 ta Birtaniya da API 579 ta Amurka, suna umartar injiniya ya ɗauka cewa matsin walda ya kai iyakar lanƙwasuwar ƙarfen idan ba shi da wani bayani. Wannan zato yana kare rai, amma yana iya sa a dakatar da matatar mai ko a canza bututun da har yanzu yana da sauran shekaru. Ma'auni mai inganci yana iya sassauta hukuncin.

Hanyoyin yanka da huda

Waɗannan su ne mafi daɗewa, kuma tunaninsu ɗaya ne. Fuskar da aka yanka ba za ta iya riƙe matsin da ke ratsa ta ba, don haka idan aka cire wani yanki, abin da ya rage sai ya motsa. Ana auna motsin, sannan a lissafta matsin da ya haifar da shi. Nikolai Kalakutsky, hafsan sojan igwa na Rasha, ya yi amfani da wannan dabara a shekarun 1880 ta hanyar yanko zobba daga ƙarfen bindigogin igwa. A 1927 Georg Sachs a Jamus ya fito da hanyar rarake cikin sanda ko bututu hawa-hawa ana auna yadda tsawonsa da faɗinsa ke canzawa.

Huda ƙaramin rami

Wannan ita ce hanyar da aka fi amfani da ita a masana'antu. Josef Mathar na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, aka buga aikinsa da Turanci a 1934. Shi da ma'aunin inji ya yi aiki. Hanyar ta sami karɓuwa ne bayan Edward Simmons da Arthur Ruge, kowa a nasa ɓangaren, sun ƙirƙiro ma'aunin miƙuwa na lantarki a 1938. Ma'aunin siririyar waya ce ko fallen ƙarfe da ake liƙa wa abu, wanda juriyarsa ga wutar lantarki ke canzawa idan ya miƙe ko ya tsuke.

Ana goge wurin, a liƙa wata 'yar takarda mai ɗauke da ma'auni uku da ke fuskantar tsakiya ɗaya daga kusurwoyi daban-daban, sannan a huda rami mai faɗin kusan milimita 2 a daidai tsakiyar. Idan wurin yana cikin ja, ramin yakan ɗan buɗe, ma'aunan su nuna tsukewa. Idan yana cikin danni, akasin haka ke faruwa. Ma'auni uku ake buƙata domin abubuwa uku ake nema: matsi mafi girma, da mafi ƙanƙanta, da inda suka fuskanta. Ba a huda ramin lokaci ɗaya. Ana sauka ne kaɗan-kaɗan, ana tsayawa a karanta ma'aunan a kowane mataki, domin a san yadda matsin ke canzawa da zurfi. Lissafin da ke raba gudummawar kowane mataki ya dogara sosai a kan aikin Gary Schajer na shekarun 1980, kuma ƙa'idar ASTM E837 ce ta tsara aikin gaba ɗaya.

Wahalar hanyar tana cikin ƙananan abubuwa. Bakin injin huda na yau da kullum yana saka nasa matsin a bangon ramin, don haka ake amfani da injin iska mai juyawa har sau 400,000 a minti, irin na likitan haƙori. Gogewar da aka yi don liƙa ma'aunin ita ma tana iya canza matsin fatar. Idan ramin ya kauce daga tsakiya ko da kaɗan ne, sakamakon ya gurɓata. Bayan zurfin da ya kai kusan rabin faɗin ramin, ma'aunan da ke sama ba sa jin abin da ke faruwa a ƙasa, don haka milimita ɗaya na farko kawai ake gani. Sannan lissafin yana ɗauka cewa ƙarfen bai lanƙwashe a bakin ramin ba, wanda ya sa ƙa'idar ta iyakance hanyar ga matsin da bai wuce kusan kashi 80 cikin 100 na iyakar lanƙwasuwa ba a ƙarfe mai kauri. Abin takaici, walda, wadda ita aka fi son aunawa, tana yawan wuce wannan iyaka. Duk da haka kayan aikin suna shiga akwati ɗaya, ana iya ɗaukarsu zuwa gada ko matata, kuma sau da yawa ana iya goge ramin ko a cike shi.

Huda rami mai zurfi

Ga ƙarfe mai kauri sosai, kamar bangon tukunyar nukiliya, ana huda siririn rami ya ratsa kaurin gaba ɗaya, a auna faɗinsa a wurare da yawa da ma'aunin iska, sannan a yanko sandar da ke kewaye da ramin, a sake aunawa. Bambancin faɗin shi ke ba da matsin a kowane zurfi. An bunƙasa hanyar sosai a Jami'ar Bristol da ke Ingila, kuma tana kaiwa zurfin ɗaruruwan milimita, inda babu wani haske da ke isa.

Hanyar tudu da kwari

Michael Prime na cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka ya gabatar da ita a shekara ta 2000. Ana ɗaure abin da ƙarfi, a raba shi biyu da injin yanka mai waya da tartsatsin lantarki, wanda ba ya danna ƙarfen yayin yanka. Da babu matsi a ciki, fuskokin biyu za su fito sumul. Amma inda akwai ja, fuskar takan ja da baya ta zama kwari, inda akwai danni kuma ta kumburo ta zama tudu. Tudun da kwarin ba sa wuce gomman maikiromita, wato kusan kaurin gashin kai ko ƙasa da haka. Ana auna fuskokin biyu da na'urar auna siffa, a haɗa su a ɗauki matsakaici domin kawar da karkacewar wayar, sannan a sa kwamfuta ta lissafta ƙarfin da zai mayar da fuskar ta zama shimfiɗaɗɗiya. Wannan ƙarfi shi ne matsin da ke wurin kafin yanka.

Amfaninta shi ne tana ba da cikakkiyar taswirar yanki ɗaya da kayan aikin da manyan shagunan ƙira ke da su. Rauninta shi ne matsin da ke fuskantar yankan kawai take nunawa, ba ta da tabbas a daf da gefuna, kuma ba a maimaita ta: idan wayar ta tsinke a tsakiyar aiki ko ɗaurin ya yi sako-sako, samfurin ya tafi.

Akwai kuma hanyar tsaga siririn layi ana ƙara masa zurfi, da hanyar cire fata hawa-hawa ana duba yadda faranti ke lanƙwashewa. Lissafin da Gerald Stoney ya buga a 1909 kan lanƙwasar da siririn rufi ke jawowa har yanzu shi ake amfani da shi a masana'antar ƙananan kayan lantarki.

Hanyoyin karkatar haske

Ƙarfe tarin ƙananan kiristal ne, a cikin kowanne kuma ƙwayoyin zarra suna jere sahu-sahu da tazara sananniya. Ja yana buɗe tazarar, danni yana rage ta. Ke nan ƙarfen yana ɗauke da nasa ma'aunin a ciki, abin da ya rage shi ne a karanta. Ana karantawa da dokar da William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka kafa a 1913, wadda ta danganta tsawon zangon haske da tazarar sahu da kusurwar da hasken ke karkata.

Hasken eksire

Lester da Aborn ne suka fara gwada shi a kan ƙarfe mai ɗauke da matsi a 1925. A yau, ga baƙin ƙarfe, ana yawan amfani da bututun kuromiyam mai zangon nanomita 0.229, wanda ke karkata daga sahun da tazararsa ta kai kusan nanomita 0.117 a kusurwar digiri 156. An zaɓi babbar kusurwa da gangan. Miƙuwar kashi ɗaya cikin dubu tana gusar da hasken da kusan rabin digiri a wannan kusurwa, alhali a kusurwar digiri 60 ba za ta kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba.

Ana auna tazarar a karkace daban-daban, daga sahun da ke kwance daidai da fata zuwa waɗanda suka jingina, a zana sakamakon. Gangaren layin da ya fito shi ke ba da matsin. Eckard Macherauch da Paul Müller ne suka tsara wannan salo a 1961. Babbar fa'idarsa ita ce ba ya buƙatar sanin ainihin tazarar ƙarfen da ba shi da matsi, saboda a fatar abu babu matsin da ke fuskantar waje, kuma wannan sani ya wadatar wajen rufe lissafin.

Hasken ba ya shiga baƙin ƙarfe fiye da 'yan maikiromita. Wannan ya dace da binciken giya da sifirin, inda tsagewar gajiya ke farawa daga fata, amma tsatsa ko fenti ko alamar gogewa suna ɓata ma'aunin. Idan ana son ganin ƙasa, sai a zaizaye fatar da sinadari da lantarki hawa-hawa, wanda ke nufin hanyar ta daina zama marar lahani. Ƙarfe mai manyan ƙwayoyi, kamar na zubi ko na tsakiyar walda, yana ba ta wahala, domin kiristal kaɗan ne ke shiga cikin hasken. Injinan sinkirotiron, kamar na Grenoble a Faransa da Diamond a Ingila, suna ba da eksire mai ƙarfin da ke ratsa milimita da yawa.

Niyutiron

Niyutiron ba shi da cajin lantarki, don haka yana ratsa santimita kaɗan na baƙin ƙarfe, da fiye da santimita goma na alminiyam. An fara amfani da shi wajen auna matsi a farkon shekarun 1980, ciki har da cibiyar Harwell a Ingila. Ana taƙaita hasken da ke shiga da wanda ke fita, inda suka haɗu ya zama ɗan ƙaramin yanki mai girman 'yan milimita a cikin ƙarfen, sai a riƙa gusar da samfurin ana auna wuri bayan wuri ta fuskoki uku. Na'urorin da suka yi suna sun haɗa da ENGIN-X a Ingila, da SALSA a Grenoble, da VULCAN a Oak Ridge, da KOWARI a Ostareliya. A nahiyar Afirka akwai MPISI a tukunyar bincike ta SAFARI-1 da ke Pelindaba a Afirka ta Kudu. Ƙa'idar ISO 21432 ce ke tsara aikin.

A cikin ƙarfe babu fatar da za a jingina da ita, don haka dole a san tazarar sahun idan babu matsi. Nan ne matsalar take. Kuskuren kashi ɗaya cikin dubu goma a wannan tazara yana haifar da kuskuren kusan MPa 50 a baƙin ƙarfe. Tazarar kuma tana canzawa da yawan kabon da sauran sinadaran da ke narke a ƙarfen, waɗanda a walda suke bambanta daga milimita zuwa milimita. Mafitar da aka saba ita ce a yi walda ta biyu iri ɗaya, a yanka ta kamar haƙoran mataji ko ƙananan murabba'ai domin matsin ya saki, a auna su a matsayin sifili. Ke nan hanyar da ake kira marar lahani tana buƙatar a lalata tagwayen samfurin. Ban da haka, dole a kai samfurin cibiyar, kuma lokacin amfani da na'urar sai an nema an jira watanni.

Sauti, maganaɗisu da gilashi

Saurin sauti a cikin ƙarfe yana ɗan canzawa da matsi, kamar yadda Hughes da Kelly suka nuna a 1953. Canjin ƙarami ne ƙwarai, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu ba a kowane MPa 100, kuma zafi da tsarin ƙwayoyin ƙarfen suna iya kawo canjin da ya kai haka. Hanyar ta fi amfani inda ake duba abu iri ɗaya da yawa, kamar ƙafafun jirgin ƙasa, waɗanda ake ƙera da danni a bakinsu amma zafin birki yana iya juya shi ya zama ja.

A ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, ana amfani da ƙarar da Heinrich Barkhausen ya gano a 1919, wato ƙananan tsalle-tsallen da maganaɗisun ke yi yayin da ake juya shi. A baƙin ƙarfe ja yana ƙara ƙarar, danni yana rage ta. Tauri ma yana canza ta, don haka an fi amfani da ita wajen tace kayan da dutsen wasa ya ƙona fiye da ba da lamba.

Gilashi ya fi kowa sauƙi, domin ana ganin matsinsa da ido. David Brewster ya gano a wajajen 1816 cewa gilashi mai matsi yana raba haske gida biyu, kuma idan aka sa shi tsakanin matatun haske biyu sai launuka su bayyana. Mai sanye da tabarau mai tace haske yakan ga irin waɗannan tabo a gilashin bayan mota. Ƙa'idar ASTM C1048 ta ce gilashin da aka ƙarfafa sosai ya kasance da danni na aƙalla MPa 69 a fatarsa. Tsohon misali shi ne ɗigon Yarima Rupert, narkakken gilashi da aka ɗiga a ruwan sanyi, wanda aka kai Ingila a 1660. Kansa yana jure bugun guduma, amma da an karya wutsiyarsa sai ya tarwatse ya zama gari. A 2016 Hillar Aben da abokan aikinsa suka auna danni na MPa 400 zuwa 700 a fatar kan ɗigon.

Gwaje-gwajen masana'anta

Masana'antu da yawa ba sa buƙatar taswira, tabbaci kawai suke so cewa aikin yau ya yi daidai da na jiya. A wajen feshin ƙananan ƙwallayen ƙarfe, wanda ake yi don saka danni a fata, ana amfani da fallen Almen, wanda John Almen na kamfanin General Motors ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1940. Siririn falle ne mai tsawon milimita 76 da faɗin 19. Ana fesa masa ƙwallayen a fuska ɗaya, ya lanƙwashe, a auna tsayin bakan. Fallen ba ya faɗin matsin da ke cikin kayan da ake aiki a kai, ƙarfin feshin kawai yake nunawa, kuma ana yawan rikita biyun.

Ƙarfen layin dogo yana fitowa daga injin miƙewa da ja a kansa da ƙafarsa, da danni a tsakiya. Ƙa'idar Turai EN 13674-1 ta iyakance jan da ke ƙafar ga MPa 250, kuma ana duba shi ta hanyar liƙa ma'auni a ƙafar sannan a yanko yanki mai kaurin milimita 20.

Saɓanin sakamako

Idan aka ba cibiyoyi da yawa samfuri ɗaya, ba kasafai lambobinsu ke zuwa ɗaya ba. A samfuri mai sauƙi, kamar zobe da toshiyar alminiyam da shirin VAMAS ya zagaya da shi cibiyoyin niyutiron a ƙarshen shekarun 1990, sakamakon ya yi kusa da juna. A walda ta gaske kuwa, bambancin gomman megafaskal abu ne da aka saba gani.

Wani ɓangare na saɓanin ba kuskure ba ne. Eksire yana ganin 'yan maikiromita na fata, ƙaramin rami yana ganin milimita ɗaya, niyutiron yana ba da matsakaicin wani yanki a ciki. A ƙarfen da aka yi wa feshin ƙwallaye, matsin yana iya tashi daga danni mai ƙarfi zuwa ja a cikin rabin milimita, don haka hanyoyin uku za su ba da amsa uku kuma kowace tana da gaskiya. Haka nan hanyoyin haske suna jin matsin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda hanyoyin yanka ba sa ji. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: yanko samfuri daga babban bututu don kai shi ɗakin gwaji yana sakin wani ɓangare na matsin tun kafin a fara aunawa, sai dai idan an liƙa ma'auni a jikinsa lokacin yankan.

Saboda haka a ayyukan da kuskure ke da tsada, kamar waldar tashoshin nukiliya da fayafayan injin jirgin sama, ana haɗa hanyoyi biyu da ba su dogara da zato ɗaya ba, ɗaya ta haske ɗaya ta yanka. Ana fara da niyutiron ko eksire tun samfurin yana cikakke, sannan a huda ƙananan ramuka nesa da juna, yankan tudu da kwari kuma ya zo a ƙarshe.